Kwamfuta ba ta san ranar saukar damina ba

Na karanta wani rubutu, mai shi ya ce kamfanin da ke haɗa kaya da hidimar kula da su ya fara gwada lissafinsa a kwaikwayon kwamfuta kafin ya zuba jari. Na yarda, amma misalin da ya kawo na Rolls-Royce, kamfanin da ke ƙera injinan jiragen sama, ya yi masa sauƙi. Kamfanonin jirage kuɗin awowin da injin ya yi a sama suke biya, shi kuma injin cike yake da na'urorin da ke aika bayanin zafi da girgiza. Mai irin waɗannan bayanai ai kwaikwayonsa ba zai yi masa ƙarya ba. To a gwada da hayar tarakta. Da ruwan shuka ya sauka, kowa a sati biyu yake son huɗa, bayan nan tarakta ta koma zaman kashe wando. Bara taraktar wani ɗan kasuwa a garinmu bel ɗinta ya tsinke, kwana 9 ana jiran kayan gyara daga Kano, mutane suka koma wa garmar shanu. Idan ba a sa jiran makaniki da tsadar man dizal da manomin da sai kaka zai biya ba, lissafin dokin rano ne kawai. Ga mai cewa wannan aikin Turawa ne, ai Hello Tractor, kamfanin da ke haɗa manoma da masu ba da hayar tarakta, tuni suke maƙala wa taraktoci na'urar bin diddigi. Amma wa zai rubuta wa kwamfuta ranar da makaniki ya tafi biki?