Inshorar tafiya tsakanin Kano da zangon Kumasi

Duk lokacin da makarantu suka shiga dogon hutu, ko kuma azumi ya gabato, hirar tafiya ce ke cika majalisun unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi. Wannan zai kai mahaifiyarsa Jamus ta ga jikoki, wancan zai je Dubai da iyalinsa, wani kuma yana haramar Umra. Ana tattauna kuɗin tikiti da canjin sidi da wahalar samun ranar ganawa a ofishin jakadanci, amma da wuya a ambaci inshorar tafiya, sai dai a lissafa ta cikin takardun da ejan zai haɗa. Ni mutumin Kano ne da neman abinci ya zaunar a Kumasi, kuma a ganina mutanenmu na gida da na nan duka suna yi wa wannan takarda riƙon sakainar kashi, ko da yake dalilansu sun sha bamban.

A Kano, abin da ya fi hana mutane shi ne shakkar halacci, kuma ba shakka ce ta banza ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, sannan ta halatta inshorar taimakon juna wadda aka gina a kan gudummawa. Wannan ita ce takaful, wadda aka kafa kamfaninta na farko a Sudan a 1979, kuma malamai sukan kafa mata hujja da hadisin Ash'ariyawa, mutanen da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba wa domin idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a Najeriya tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi. Saboda haka matafiyin Kano yana da inda zai fara tambaya, amma sau da yawa rabin fatawar kaɗai yake riƙewa, wato rabin da ya ce haramun.

A zangon Kumasi lamarin daban ne. Tun da gwamnatin Kufuor ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, a 2003, kalmar inshora ta shiga gidaje, har tsofaffi mata suna adana katinsu suna sa jikoki su sabunta musu ta waya. Wannan sabo ya cire tsoro, kuma ina ganin Ghana ta riga Najeriya a nan, domin sai a 2022 dokar Najeriya ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Sai dai sabon ya haifar da nasa sakacin. Katin da ake karɓa a asibitin Komfo Anokye ba ya aiki da zarar jirgi ya bar Accra, kuma inshorar tafiya yarjejeniya ce mai sharuɗɗa a rubuce, wadda kamfani ba zai biya ko kwabo a kan abin da ba ya cikinta ba.

Akwai kuma dogaro da zumunci, wanda shi ne abin da ya fi burge ni a zango. Idan ciwo ya kwantar da mutum, kafin Magariba an yi karo-karo, ƙungiyoyin susu, wato adashi, na mata sun kawo nasu, an yi sanarwa a masallaci. Amma karo-karon da ake tarawa da sidi ba zai iya tunkarar lissafin asibitin Turai ba. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta 2009 ta sharɗanta wa mai neman bizar Shengen inshorar da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, wadda za ta ɗauki jinyar gaggawa da kwanciya a asibiti da mayar da mara lafiya ko gawa gida, kuma ta yi aiki a dukan ƙasashen yankin, waɗanda yanzu sun kai 29. Mai karatu ya juya wannan adadi zuwa sidi ko naira, zai gane girman abin da ake gudu. Idan takardar da ejan ya haɗa ta bogi ce, ko kuma kwanakinta sun ƙare kafin matafiyi ya dawo, nauyin yakan koma kan wanda ya yi gayyata. A Jamus, ɗan'uwan da ke Hambug wanda ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyin baƙo ya amince a gaban hukuma cewa zai biya abin da gwamnati ta kashe a kan baƙon, har da na jinya. Mutumin da ya gayyaci mahaifiyarsa don ya kyautata mata yana iya shafe shekaru yana biyan bashi, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa kowa ba.

Haɗarin ya fi girma a ƙasashen da ba sa tambayar takardar. Birtaniya da Amurka ba sa wajabta wa mai bizar ziyara inshora, don haka mutanenmu sukan ɗauka sun huta da wani kashe kuɗi. A Ingila ana duba mutum kyauta a sashen gaggawa, amma idan aka kwantar da baƙo ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinyar, kuma bashin fam 500 ko fiye da ba a biya ba yana iya sa a hana shi biza nan gaba. A Amurka wata doka ta 1986 ta tilasta wa asibitoci karɓar mai buƙatar gaggawa, amma ba ta yafe masa lissafin ba.

Abubuwa biyu sun shafe mu fiye da sauran matafiya. Na farko zazzaɓin cizon sauro, wanda yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin ya bayyana, ta yadda mutum zai bar Kumasi lafiya ƙalau, ciwon ya kama shi a garin da ba a sayar da maganinsa a kanti ba tare da takardar likita ba, kuma galibi kwantar da shi za a yi. Na biyu cututtukan da mutum yake ɗauke da su tun kafin tafiya, kamar hawan jini da ciwon sukari da amosanin jini. Yawancin takardu masu araha suna ware su, ko su buƙaci a bayyana su tun farko a ƙara kuɗi. Iyayenmu da muka fi kaiwa ziyara su ne suka fi fama da irin waɗannan, kuma ɓoye ciwon a fom domin a rage farashi shi ne babban dalilin da kamfani zai kafa ya ƙi biya.

Maganar gawa ma tana buƙatar lura. Mu Musulmi mun fi son a yi wa mamaci sutura da wuri a inda ajali ya riske shi, don haka ya kamata a duba ko takardar tana biyan kuɗin jana'iza a can, ba jigilar gawa kaɗai ba. Masu zuwa Umra kuwa akwai inshora a haɗe da kuɗin bizarsu, amma da yawa suna zuwa su dawo ba su san da ita ba. Batun kaya da suka ɓace ba shi da nauyin waɗannan, domin yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta riga ta ɗora wa kamfanin jirgi diyya zuwa wani iyaka.

Shawarata ga 'yan'uwa a nan ita ce kowa ya sayi takardarsa da hannunsa daga kamfanin da Hukumar Inshora ta Ghana ta ba lasisi, ko kuwa, idan ta hannun ejan ta biyo, ya kira kamfanin ya tabbatar lambar tana cikin rajistarsu. A ƙara 'yan kwanaki a kan ranar dawowa. A ba mai masauki kwafi da lambar wayar gaggawa, domin kamfanoni da yawa suna sharɗanta a sanar da su kafin ko jim kaɗan bayan an kwantar da mutum, kuma a adana kowace rasit. Ga malamanmu na zango kuma, ina roƙon su yi wa jama'a bayanin hukuncin inshorar da hukuma ta wajabta da kuma matsayin takaful, kafin lokacin hutu na gaba ya zo.