Ga ƙannena masu zanen katun: me kuka ɗauka wajen Miyazaki?

Ƙannena masu sha'awar zanen katun, akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai. A watan Maris na 2025 intanet ta cika da hotunan mutane da manhaja ta mayar cikin ƙiftawar ido salon Ghibli, wato kamfanin finafinan katun na Japan da fitaccen mai zane Hayao Miyazaki yake cikin waɗanda suka kafa shi. Da yawanku sun yi, sun ɗora, har wasu na cewa wahalar koyon zane ta ƙare. Wallahi abin ya dame ni, domin launi kawai kuka kwasa, kuka bar abin da ya haifi aikin.

An haifi Hayao Miyazaki a Tokyo a 1941. A jami'ar Gakushuin ma siyasa da tattalin arziki ya karanta. A 1963 ya shiga kamfanin katun na Toei a matakin ƙasa: babban mai zane ya zana farkon motsi da ƙarshensa, shi kuma ya cike zanukan da ke tsakani, takarda bayan takarda. Bai ba da umarnin dogon fim ba sai 1979, yana da shekara 38. Shekara 16 ke nan yana gogewa. Kamfanin Ghibli kuwa sai 1985 suka kafa shi tare da Isao Takahata da Toshio Suzuki. Yau yaro zai yi wata uku da manhaja ya liƙa wa kansa sunan darakta, in an yi masa gyara ya ɗauki fushi. Haba, ƙannena!

Amma abin da na fi so ku lura da shi shi ne idon mutumin nan. Lokacin aikin fim ɗinsa Spirited Away, wanda ya fito a 2001 ya kuma ci kyautar Oscar a 2003, akwai wurin da yarinya za ta ɓare bakin wani dodo mai siffar maciji ta tura masa magani. Miyazaki ya ce wa matasan ma'aikatansa su zana shi kamar yadda ake buɗe bakin kare da ƙarfi, sai ya tarar ba wanda ya taɓa kiwon kare a cikinsu. Bai ce su ƙaga ba. Asibitin dabbobi aka tafi da kyamara, aka ɗauki yadda haƙora da dasashi ke bayyana in an riƙe muƙamuƙin kare. Haka kafin Princess Mononoke na 1997, sai da masu zanensa suka je dajin tsibirin Yakushima suka ga tsofaffin itatuwa da gansakuka da idonsu. A fim ɗinsa na 2013 kuwa, hoton cunkoson jama'a bayan girgizar ƙasa, mai tsawon daƙiƙa 4, ya ci wa mai zane ɗaya fiye da shekara, domin kowane mutum a cikin taron da irin tafiyarsa.

To ku fa? Ina ganin zanukanku: manyan idanu, gashi mai tsini, dusar ƙanƙarar da ba ku taɓa takawa ba. Shi ƙasarsa ya kalla ya zana, ku kuma zanensa kuke kallo kuna kwafa. Wa ya taɓa zama ya lura da yadda babbar riga ke zamewa daga kafaɗa, mai ita ya mayar da ita yana cikin magana? Wa ya zana hazon hunturu yadda yake dusashe rana da hantsi?

Ba kuma komai nasa za ku ɗauka ba. Ɗansa Goro ya faɗa a fili cewa ya tashi ba ya samun mahaifinsa a gida saboda aiki. Wannan asara ce, kuma kyautar Oscar ba ta biya ta. Iyayenku da iyalanku suna da haƙƙi a kanku.

Wanda ke Kano ya sayi littafin zane da fensir, ya je marinar Ƙofar Mata da safe, ya nemi izinin masu rini, ya zauna ya zana hannun mutum ɗaya yana tsoma zane a baba yana ɗagowa. Ya yi ta komawa har sai marinin da kansa ya duba ya ce e, haka nake yi.