Takardar 'Yan Sanda Kaɗai Ba Ta Tsare Yaro A Sansanin Hutu

A watan Fabrairun 2020 ƙungiyar 'yan Sikawut ta Amurka ta garzaya kotu ta ce ta karye, saboda ƙararrakin da suka yi mata katutu. Mutum fiye da 82,000 suka shigar da koke cewa an yi lalata da su suna yara a cikin ƙungiyar, aka ƙare da asusun diyya na sama da dala biliyan 2.4. Abin takaicin shi ne ta shafe shekaru tana ajiye kundin sunayen waɗanda ta kora, amma a ɓoye, har wasu korarrun suka sake shigowa ta wani reshe.

A can an ɗaure wa binciken ma'aikata gindi da doka. A jihar Pennsylvania, mai aiki da yara sai ya kawo takardu uku: ta 'yan sandan jiha, ta rajistar cin zarafin yara, da ta hukumar FBI wadda ake yi da zanen yatsu, kuma a sabunta su duk wata 60. Ɗan sa-kai ma bai tsira ba, sai dai ana ɗauke masa ta FBI idan ya shekara 10 a jere yana zaune a jihar.

Wannan daidai ne, kuma ya kamata mu ɗauka. A nan Najeriya ma muna tara ɗaruruwan yara su kwana a makarantu lokacin hutu, daga sansanin ɗalibai Musulmi na MSSN zuwa na majami'u da na 'yan Sikawut, kuma galibi shaidar da ake nema daga mai kula da su ita ce "ai ɗan gida ne". Alhali kayan aikin suna nan. Rundunar 'yan sanda tana bayar da takardar shaidar hali bayan ɗaukar zanen yatsu, kuma tun Nuwamban 2019 akwai rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a hannun hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, bisa dokar hana cin zarafi ta 2015.

Sai dai duk wanda ya karɓi takarda ya koma ya yi barci, ya yaudari kansa. Takarda tana nuna wanda shari'a ta kama ne kawai. A garin Soham na Ingila, a 2002, Ian Huntley ya kashe yara mata biyu 'yan shekara 10 yana mai kula da ginin wata makaranta. An bincike shi kafin ɗaukarsa aiki. An sha kai ƙararsa kan lalata a yankin da ya baro, amma ba a taɓa yanke masa hukunci a kai ba, bayanan kuma ba su isa inda ake buƙata ba. To ina ga mu, inda yawancin irin wannan magana take mutuwa a zauren mai unguwa da sunan a rufa asiri? Wanda aka yi wa sulhu sau uku, takardarsa fara fat za ta fito.

Akwai kuma matsalar suna. Mutum ɗaya ne Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a unguwa, ranar haihuwar ma ta sha bamban. Binciken da aka yi da suna kawai yana iya tsallake mai laifi, ya kuma shafa wa mai gaskiya kashin kaji. Don haka a dage kan zanen yatsu, a haɗa da lambar NIN, a ga ainihin takardar da ido, kada a yarda da hoton da aka turo ta WhatsApp.

A fara aikin aƙalla mako shida kafin buɗe sansani, domin gaggawar mako na ƙarshe ita ke sa a ce "bari ya fara, takardar ta biyo baya". Kuma ya shafi kowa: mai dafa abinci, direba, mai gadi, har malamin da kowa ke jin nauyinsa. A nemi masu shaida biyu da ba dangi ba, ɗaya daga wurin da ya yi aiki da yara a baya. Shugaban sansani ya kira su da kansa, ya yi tambayar kai tsaye: me ya raba ku da shi, kuma za ka bar ɗanka ya kwana a hannunsa? Jinkirin amsa ma amsa ce. Ba kowane tabo ke hana aiki ba. Wanda ya yi faɗa a kasuwa shekara 15 da suka wuce daban yake da wanda aka kama da taɓa yaro, shi wannan babu zancen ba shi dama ta biyu a kusa da yara.

Abin da ke toshe ramin da takarda ta bari shi ne ƙa'idar da 'yan Sikawut ɗin Amurka suka koya da tsada: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, dole a samu manya biyu. A duba inda ake karya ta. Ƙarfe biyu na dare yaro ya tashi da zazzaɓi, wani ya ɗora shi a babur zuwa kemis shi kaɗai. Layin banɗaki da asuba babu fitila. Ɗan shekara 17 an ba shi ɗakin 'yan shekara 9 ya riƙe. Kowane ɗayan waɗannan yana buƙatar sunayen mutum biyu a jadawalin aiki, a rubuce, manne a ƙofar ɗaki, tare da lambar wayar wanda yaro ko uwa za su kai wa ƙara ba tare da sun bi ta hannun wanda ake zargi ba.