Kafin ka dasa alobera mai zama bishiya a tsakar gida

Duk mai son dasa alobera irin wadda ke yin gangar jiki da rassa a Katsina ko Daura, ya fara lissafin watan Agusta tun kafin ya haƙa rami. Zafin Afrilu tana iya jurewa. Ruwan da ke kwana a gindinta cikin damina shi ke kashe ta, sai kuma hannun mai gida da ba ya gajiya da ban ruwa.

Dangin alobera da kabar giwa ce, amma tun 2013 masana suka ware ta da suna Aloidendron. Iri biyu aka fi samu. Akwai dichotomum ta hamadar Namibiya da arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, wadda mutanen ƙabilar San ta yankin ke fafe rassanta su yi kwarin zuba kibau. Wurare da yawa da take fitowa, ruwan shekararsu bai kai abin da muke samu a Agusta kaɗai ba. Sai barberae ta gabashin Afirka ta Kudu da Mozambik, babbarsu duka, tana kai mita 18, kuma ta saba da ruwan da ke sauka lokacin zafi kamar namu. A ganina barberae ce ta ƙasarmu, ko Hercules da aka samu daga haɗa su biyun. Wanda ya dage sai dichotomum, ya bar ta a tukunyar ƙasa mai huji a gindi, yadda zai ja ta ƙarƙashin rumfa idan hadari ya haɗu. Bokitin fenti ba ya numfashi, kar a fara.

Akwai ta uku, pillansii, wadda ke dab da ƙarewa a duniya, kuma yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji, ta hana cinikin wadda aka tono daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda ya tallata maka babba da araha, ko dai sunan ƙarya ne ko kayan sata.

Yanzu maganar ƙasa, don nan ne aikin yake. Jigawa irin ta Daura ta dace, amma yawancin tsakar gidajenmu ciko ne da ya daskare, ruwa ba ya wucewa. Ka haƙa ramin gwaji mai zurfin kamu biyu, ka cika shi da ruwa. Idan bayan awa ɗaya akwai sauran ruwa a ciki, wurin bai yi ba sai an gyara. Haɗin shi ne kwano biyu na yashi mai kaushi, kwano biyu na tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar lambu da ɗan takin da ya gama ruɓewa. Yashi mai laushi irin na shafe toshe ƙofofin iska yake yi. Ka tara haɗin ya yi tudu kamar santimita 40, ka dasa a kai, wuyan shukar daidai inda yake a tukunyarta, kada ka binne shi. Kwarin da ake yi wa mangwaro a gindi don ya riƙe ruwa, a nan ajali ne. Ka nisanta ta da bakin indararo, ka kuma ba ta aƙalla mita 4 daga katanga da sokawe, domin gindin barberae kumbura yake yi yana faɗi da shekaru.

Lokacin dashe Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa. Idan reshe aka ba ka, ka jingine shi a inuwa sati biyu zuwa uku, bakin yankan ya bushe ƙamas, sannan ka kafa shi da sanda don iskar hunturu. Barberae na kamawa ta haka. Dichotomum ba kasafai ba, gara iri. Sati na farko babu ruwa ko kaɗan. Daga nan, da rani sau ɗaya a kwana goma zuwa sati biyu, a jiƙa sosai a bari ta bushe. Ka soka tsinke cikin tudun: in ya fito da danshi, ka dakata. Daga Yuli zuwa Satumba ka ajiye butar gaba ɗaya. Ƙaramar shuka kuwa tana son zana ta tare mata ranar yamma a bazararta ta farko, in ba haka ba ganyen ya yi ja ya ƙone.

Ruɓa daga ƙasa take farawa, shi ya sa ake makara. Ganye na sama kore shar, amma ka danna gindin da babban yatsa ka ji ya lotsa, da ɗan wari. Jama'a da yawa sai su ga ganyen ƙasa ya yi rawaya su ƙara ruwa, su ƙarasa ta. A yanke da wuƙa mai tsabta sama da ruɓar, a ci gaba da yanka har sai babu ɗigon baƙi ko launin ruwan ƙasa a cikin naman, a barbaɗa garin farar wuta ko toka, a shanya, a sake kafawa a sabon haɗi.

Fararen ƙwari masu manne wa ganye ana goge su da man darbejiya da ɗan ruwan sabulu, da yamma, don rana na ƙona ganyen da aka shafa wa mai. Kara da ɗanyen taki a gindi gara suke kira. Tsakuwa za a shimfiɗa. In akwai awaki a gidan, a kewaye ta da waya har kanta ya wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe da ƙafa biyu.