Buga ƙarfe da na'ura: a fara daga rumfar masu walda

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu walda a Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya ya san aikin ciko. A kawo sandar injin niƙa ko ta injin ban-ruwa da ta cinye, mai walda ya riƙa ɗora mata narkakken ƙarfe layi bisa layi, ya ƙwanƙwashe ɓawon da ya daskare a sama, ya sake ɗorawa har ta yi kauri, sannan a kai ta wajen masu injin feƙe ƙarfe su daidaita.

To, wannan aikin ne tushen abin da duniya ke yayatawa yau da sunan buga ƙarfe da na'urar 3D. A 2021 an buɗe wata gada mai tsawon mita 12 a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wadda kamfanin MX3D ya gina. Injunan walda ne aka ɗaura wa hannayen mutum-mutumi, kwamfuta na ja musu gora, suka yi ta ɗora ƙarfe kamar yadda magina ke tayar da rumbu. Akwai kuma wata hanyar, ta narka garin ƙarfe da hasken leza, wadda kamfanin GE na Amurka ya bi ya mayar da bututun fesa mai na injin jirgin sama abu guda, bayan a da sassa 20 ake harhaɗawa. Ita wannan tana son kuɗi masu yawa da wutar da ba ta ƙiftawa, don haka ban ga hikimar mu fara da ita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ilimin zafi. Hannun masu waldarmu ya faɗa, amma sau da yawa ba wanda ya taɓa gaya wa yaron shago dalilin da ya sa ƙarfen zubi, irin na gangar injin mota, yake tsagewa a gefen ɗinki bayan ya huce. Sinadarin kabon da ke cikinsa ya haura kashi 2 cikin 100, shi ya sa yake da gautsi. Sai an ɗumama shi tukuna, a yi amfani da sandar walda mai nikel, a binne shi cikin yashi ko toka ya huce a hankali. Alminiyom kuwa yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, amma siririyar fatar da iska ke haifarwa a kansa ba ta narkewa sai zafi ya wuce 2,000. Wanda bai san waɗannan ba, ko an ba shi mutum-mutumi, abin da zai buga lanƙwashewa zai yi, ko ya fito da ramukan iska a ciki.

Zariya ba ta da uzuri. Jami'ar Ahmadu Bello na nan tun 1962, tana koyar da injiniyancin injuna da na ƙarafa, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Ina so in ga ɗaliban shekarar ƙarshe sun ɗauki injin walda mai tura waya, sun ɗora kansa a kan firam ɗin da kwamfuta ke motsawa, sun buga haƙorin giya ko wani sashen injin casa da manomi ke jira daga Legas. A kuma buɗe wa ƙungiyoyin masu walda ƙofar ɗakunan gwaji ko sau ɗaya a wata, su kawo ɗinkinsu a ja shi da na'ura har ya tsinke, su ga da idonsu inda ya fara ba da kai.