Wa ya faɗa maka? Darasin gubar dalma a zamanin saƙon murya

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara sun ga agwaginsu na ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Daga baya sai yara: amai, jijjiga, suma, sai maƙabarta. Da farko an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magani bai yi ba. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka sa aka gwada jinin yaran, sannan aka gano gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinari yana ɗauke da ita, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu a Dareta, 'Yargalma, Abare, Bagega da maƙwabtansu.

Na tuno wannan ne saboda koken da ake yi yanzu cewa mutane sun daina yarda da masana kimiyya. Ana maganar kamar wata sabuwar cuta ce da wayar salula ta kawo. A nan Zamfara tsohuwar magana ce, kuma ni a ganina rashin yardar ba jahilci kaɗai ya haife ta ba.

Ko a lokacin gubar dalmar, akwai inda aka riƙa ɓoye mace-macen yara. Iyayen sun san 'ya'yansu na mutuwa. Abin da suke tsoro shi ne a ce zinarin ne, gwamnati ta zo ta rufe ramin da suke samun na tuwo. An fara samun bakin zaren ne da masu aikin agaji suka zauna da dagatai da limamai, suka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje suka zuba sabuwa, suka ba yara maganin da ke fitar da gubar, suka kuma koya wa mahaƙa su riƙa sarrafa dutse nesa da gari, su wanke jiki su sake tufafi kafin su shiga gida. Uwa ta ga ɗanta da ke kwance ya tashi yana wasa, ba ta bukatar wani dogon bayani. Amma a tuna Bagega sai 2013 aka fara share ta, bayan an daɗe ana roƙon gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Wanda aka gaya masa ƙasar gidansa na kashe 'ya'yansa, sannan aka bar shi shekaru yana jira, me ake so ya ɗauki maganar hukuma?

Haka batun allurar shan inna. A 2003 Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin, tare da Kano da Kaduna, bisa zargin cewa an sa maganin hana haihuwa a ciki. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma ya jawo asara mai yawa, domin cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara bakwai kafin nan, a 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Ga kuma tambayar da har gobe mata ke yi wa masu ɗigon baki: me ya sa wannan kyauta ne har ƙofar ɗaki, alhali in yaro na zazzaɓi sai na sayi magani da kuɗina? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ban ji an ba ta amsar da ta gamsar ba. Abin da ya dawo da mutane shi ne shigowar sarakuna da malamai ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta daji, wato asalin ƙwayar cutar, a watan Agusta 2020.

Kada a ce na wanke mu tas. Muna da namu laifin, kuma shi ne ya fi damuna yanzu. A 2014 lokacin Ebola, saƙo ɗaya ya sa mutane a faɗin ƙasar nan suka tashi cikin dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, wasu suka mutu, wasu aka kwantar da su asibiti. A lokacin ma wayoyi ba su kai yawan na yau ba. Yanzu kowane zauren dangi a WhatsApp na da likitansa: murya ce kawai, ba suna, ba asibiti, ta fara da sallama da salati, ta ƙare da "don Allah a tura wa 'yan'uwa Musulmi". Ga kuma na'urar da ke iya ƙirƙirar murya da fuskar mutumin da bai taɓa faɗin maganar ba.

Abin mamaki, mu ne muka gaji ilimin tantance labari. Ɗalibin zaure ya san ba a karɓar hadisi sai an duba isnadi: wa ya ji daga wa, mai riwayar amintacce ne ko an san shi da ƙarya. Suratul Hujurati ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika. To me ya sa mutumin da ba zai karɓi hadisi mai rauni ba zai hana a yi wa 'yarsa allura saboda muryar da bai san mai ita ba? Tambayoyin ba su da yawa. Wa ya faɗa? A ina yake aiki? Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ko ta abinci da magunguna, NAFDAC, ta faɗi haka? Rediyon da ka saba saurare ya kawo? In ba amsa, a kira ma'aikaciyar asibitin unguwa, ai an san gidansu.

Akwai alama guda da nake amfani da ita. Masani na gaske yakan ce "ba mu sani ba tukuna", ko ya dawo ya ce "mun yi kuskure, ga abin da muka gano". Lokacin korona an ga haka, wasu suka ɗauke shi shaidar ƙarya. Ni kuwa na fi tsoron mai lasifika a bakin kasuwa da kwalba ɗaya mai maganin basir, shawara, sanyi da ciwon suga, wanda bai taɓa cewa bai sani ba.

Gwaji na gaba yana maƙwabta. A Disamba 2024 aka fara ba da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa, kuma an zaɓi Kebbi ne don ta fi kowace jiha yawan yara masu ɗauke da cutar. Allurar sau huɗu ce, kuma ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari; bukatar gidan sauro na nan daram. Wannan bayanin ya kamata uwa a Argungu ko Jega ta ji da Hausa daga bakin mai allurar tun ranar farko. In ba a gaya mata ba, ranar da yaron ya yi zazzaɓi bayan allura ta biyu, mai saƙon murya ne zai yi mata bayani, kuma ba za ta dawo ta uku ba.