Jayayyar PGP da S/MIME: wa ya shaidi makullin?

Tun 1991 da Phil Zimmermann ya saki PGP, manhajar kulle saƙo, a Amurka, masana ba su daina cacar baki kan hanyar da ta fi dacewa a sirranta saƙon imel ba. Wasu suna bayan OpenPGP, ƙa'idar da aka gina a kan PGP, wasu suna bayan S/MIME, wata ƙa'idar daban ta kulle imel, kuma su kansu mutanen OpenPGP sun dare gida biyu, domin Werner Koch, mai GnuPG, manhajar da ke aiki da tsarin PGP, ya ja nasa ɓangaren da sunan LibrePGP tun kafin a fitar da sabuwar ƙa'idar OpenPGP mai suna RFC 9580 a 2024. A ganina, ba a nan gizo ke saƙar ba.

A duka tsarin biyu, kowa yana da makulli biyu, na fili da na sirri. Mai aiko maka da saƙo zai kulle shi da makullinka na fili, kai kaɗai za ka buɗe da na sirri. To, wa ya tabbatar masa cewa makullin da ya ɗauko a intanet naka ne? Idan na ɗan damfara ne da ya ari sunanka, duk ƙarfin lissafin ya tashi a banza.

S/MIME ya miƙa wannan amana ga kamfanonin da ke ba da takardar shaida. Sai dai a 2011 an kutsa cikin irin wannan kamfani, DigiNotar na Holan, aka buga takardun bogi da sunan Google, aka yi wa mutanen Iran leƙen asiri da su. PGP kuwa ya ce jama'a su shaidi juna ta hanyar sa hannu a makullan juna, amma a 2019 wasu suka cika rumbunan SKS, inda ake ajiye makullan fili a intanet, da dubban sa hannun banza har makullan da aka kai wa harin suka riƙa daskarar da GnuPG.

Shi ya sa abin da Edward Snowden, wanda ya fallasa asiran hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, ya yi a farkon 2013 ya fi gamsar da ni. Da ya karɓi makullin Laura Poitras, 'yar jarida mai shirya finafinai, bai saki jiki ba, sai da ya sa Micah Lee, wani masanin tsaron kwamfuta, ya wallafa lambar shaidar makullin, wato jerin haruffa da alƙaluman da ke bambanta shi da kowane makulli, a Twitter, ya gwada ta da wadda ke hannunsa. Wato ya nemi shaida ta wata hanya daban da imel ɗin.

Mai yin haka ya karanta lambar gaba ɗaya, haruffa da alƙaluma 40 a makullan da aka saba da su, kada ya tsaya a kan 8 na ƙarshe, domin tun 2014 masu bincike suka nuna cewa ana ƙera makullin bogi mai irin wannan gajeriyar lamba cikin daƙiƙu kaɗan.